Roflumilast: a auna mara lafiya kafin a miƙa masa ƙwayar

Ra'ayina shi ne duk likitan da zai rubuta wa mai ciwon huhu roflumilast bai ɗora shi kan sikeli ba, bai kuma tambaye shi barcinsa da yanayin zuciyarsa ba, to rabin aiki ya yi.

Ba kowane mai tari ake ba maganin nan ba. Turai ta amince da shi a 2010 da sunan Daxas, Amurka a 2011 da sunan Daliresp, kuma don mutum iri ɗaya: mai toshewar huhu ta COPD da ta yi tsanani, wanda awon hurawa ya nuna iskar da yake fitarwa a daƙiƙar farko ba ta kai kashi 50 cikin ɗari na yadda ya kamata ba, kullum yana kakin majina, ciwon kuma yana yawan tasar masa. Aikinsa danne wani sinadari ne mai suna PDE4 a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki. In aka danne shi sai cAMP, wani sinadarin da PDE4 ke rushewa, ya taru, ƙwayoyin su rage fitar da abubuwan da ke rura kumburi. Ba ya buɗe hanyar iska. Wanda numfashi ya sarƙe wa cikin dare ya haɗiyi wannan ƙwaya yana jiran sauƙi, ɓata lokacin da ya kamata ya shaƙi inhelarsa, wato maganin shaƙa mai buɗe hanyar iska, kawai yake yi. Ana ƙara shi ne a kan magungunan shaƙa, ba a ajiye su saboda shi. Ribarsa ma ba a jin ta a ƙirji yau ko gobe, sai an waiwayi shekara a ga tashin ciwon ya ragu.

A nan mutane ke karaya. Illar tana riga amfanin zuwa: zawo, tashin zuciya, ciwon kai, rashin cin abinci, duk a makonnin farko. Shi ya sa ake farawa da maikirogiram 250 sau ɗaya a rana har kwana 28, sannan a hau 500. Wannan 250 ɗin na sabo ne kawai, ba ya magani, don haka kuskure ne a zauna a kansa. Sai rama. A gwaje-gwajen shekara guda, masu sha sun sauke kusan kilo 2 a matsakaici. Ga mai jiki ba komai, amma dattijon da haƙarƙarinsa ke ƙirguwa, wanda cin tuwo ma haki yake sa shi, kilo 2 ba wasa ba ne. A rubuta nauyinsa ranar farko, a riƙa sake aunawa. Rashin barci, fargaba, baƙin ciki, har tunanin halaka kai, duk an gani, kuma iyali ne suka fi saurin lura, saboda haka a gaya musu tun farko.

Mai ciwon hanta matsakaici ko mai tsanani ba ya sha. Rifampicin na tarin fuka da magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine, phenytoin da phenobarbital suna sa hanta ta narkar da shi da wuri, a yi ta sha a banza.

Roflumilast na shafawa a fata kuwa, mai suna Zoryve, na fi sakin jiki da shi. Amurka ta amince da man mai ƙarfin kashi 0.3 cikin ɗari don soriyasis (ciwon fata mai kauri da ɓawo) a 2022, kumfarsa don amosani mai kumburi a 2023, sai mai 0.15 don ezima (ciwon fata mai ƙaiƙayi da bushewa) a 2024. Sau ɗaya ake shafawa a rana, kuma tunda ba sitiroyid ba ne (irin man rage kumburin fata da aka saba shafawa), ba ya sirantar da fata, ana iya sa shi a hammata, matsematsi da ƙarƙashin nono, inda sitiroyid mai ƙarfi ke barin nankarwa. Dokar hanta tana nan ko a shafawa, wasu ma kan yi zawo kaɗan. Kumfar tana kama wuta, kada a shafa ta kusa da murhu ko da taba a hannu.