Ku daina danna "na yarda" ido rufe

Jiya da yamma na biya ta shagon wani mai gyaran kwamfuta, na tarar ana ɗora wa wani ɗalibin jami'a Windows 11, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a kwamfutar da ya sayo ta hannu. Da aka zo shafin da ake tambayarsa abin da ya amince a tattara a kansa, wallahi ko allon bai kalla ba. Hannu ɗaya yana dannawa, ɗaya yana riƙe da waya yana ƙyalƙyala dariyar wani bidiyo. A san inda yake? Ya yarda. A buɗe masa lambar talla? Ya yarda. Na ce, "Ƙanena, ka ɗan karanta mana." Ya ce, "Yaya, ai kowa haka yake yi."

Wannan "kowa haka yake yi" ce take ci min tuwo a ƙwarya. 'Yan'uwana matasa, lambar tallan nan da kuke bari a kunne, da ita manhajoji ke gane ku, su bi abin da kuke so, su jero muku tallace-tallace daidai da shi. Bayanan da ake ce muku na zaɓi ne, a cikinsu har da shafukan da kuke shiga da yadda kuke amfani da manhajoji. Microsoft, kamfanin da ya yi Windows, bai ɓoye ba, ya rubuta ƙarara, ku ne dai kuka ƙi karantawa. Tun 2024 har cikin jerin manhajojin farkon allo ake cusa tallan wasu manhajoji. Banza ba ta kai zomo kasuwa, amma ku kullum gani kuke kyauta ake muku.

A shekarar 2024 ɗin ce Microsoft ya sanar da Recall, mai ɗaukar hoton allon mutum duk bayan 'yan daƙiƙoƙi. Masana tsaro suka yi ca, har aka ɗage fitar da shi, aka mayar da shi sai wanda ya kunna da kansa. Wasu can suna tada jijiyar wuya a kan sirrinsu, mu nan ko an tambaye mu ma ba ma tsayawa mu ji tambayar. Sai data ta ƙare da wuri a hau zagin kamfanin layi. Ba na ma son in taɓo masu miƙa wa mai gyara kwamfuta da kalmar sirri da hotunan iyali su tafi kallon ƙwallo, ko masu ɗora hoton katin zama ɗan ƙasa a WhatsApp don murna. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Gyaran ba wuya: ka shiga saiti, sashen sirri da tsaro, ka kashe abin da ba ka buƙata. Wani abin ba a iya kashe shi gaba ɗaya, amma rage mugun iri ma aiki ne.

Abin da ke damuna shi ne, iyayenmu da yawansu ba su yi boko ba, amma ko takardar cinikin gona aka kawo wa dattijo, ba zai dangwala yatsa ba sai ya kira mai karatu ya karanta masa, wani lokacin har sau biyu, a gaban shaidu. Yau ga 'ya'yansu da digiri, Turanci kamar ruwa, amma layi biyar ya gagare su karantawa saboda sauri. Saurin zuwa ina? Da an gama ɗora Windows ɗin ma fim za a kunna.