Wai sai baƙin bijimi? Rigimata da ƙanena kan launin sa

Tun satin da ya wuce muke ta musu ni da ƙanena a WhatsApp, har uwargida ta fara cewa shanun da ba su ma san ana yi ba sun hana mu barci. Yana da 'yan shanunsa guda 14 a wata gona bayan Shika, kusa da Zariya, ta hanyar Funtuwa, duk Bunaji, wani dattijon Bafulatani da muke ce wa Baffa ne ke lura da su. Bijimin garken ya tsufa, ga 'ya'yansa mata sun isa barbara, dole a canza shi. To gogan naka ya ga bidiyon gonakin Amurka a TikTok, baƙaƙen shanu sumul-sumul kamar an shafa musu man gyaɗa, sai ga saƙon murya: "Yaya, ni fa baƙi nake so, irin na wajenku, ko da ta allura ce a yi musu barbarar. Baƙaƙen nan sun fi nama."

Shekarata shida a jihar Kansas ta Amurka, kuma aikina ya haɗa ni da masu kiwon shanun nama, don haka na san daga inda maganar ta fito. Gaskiya ne a nan baƙi ke ci. Ranar da na fara shiga kasuwar gwanjon shanu a wani ƙaramin gari sai da na riƙe baki, babu dillali babu cinikin sirri a ƙarƙashin hannun riga, wani ɗan fili ne zagaye da ƙarfe wanda ƙasansa gaba ɗaya sikeli ne, a koro maruƙa nauyinsu ya fito a allo, mai gwanjo na ta zuba kamar ana gasa gugguru. An koro na wani manomi, sa'annin juna, uba ɗaya, ciyawa ɗaya suka ci, sai na ga an ware jajaye guda biyu an sayar da su daban, kuma kuɗinsu bai kai na baƙaƙen ba. Na tambayi tsohon da ke gefena ko jajayen ba su da lafiya ne. Dariya kawai ya yi ya ce lafiyarsu ƙalau, rigar da suka sa ce ba ta kasuwa ba.

Asalin abin talla ne. Baƙaƙen shanun nan irin da ake kira Angus ne, daga Sukotilan suke, a 1873 aka kawo bijimai huɗu nan Kansas ɗin. A 1978 ƙungiyar masu kiwon Angus ta fito da tambarin nama mai suna Certified Angus Beef, kuma sharaɗin farko kafin ma a duba bijimi shi ne ya zama baƙi ne ya rinjaye jikinsa. Amma baƙin tikitin shiga layi ne kawai, sai an yanka an feɗe sannan a auna naman da sharuɗɗa goma, babbansu kitsen nan da ke ratsa cikin tsoka kamar zare, kuma mafi yawan baƙaƙen ba sa tsallakewa. Duk da haka da masu saye suka fara ƙara kuɗi kan baƙin maraƙi kowa ya bi. Wani irin shanu da ake kira Simmental da asalinsa ja da fari ne yau a Amurka za ka gan shi baƙi wuluk, Limousin ma haka, don baƙi yana danne ja wurin gado, ka sa baƙin bijimi tsantsa a kan jajayen shanu 'ya'yan su fito baƙaƙe. Jan bai mutu ba fa, yana nan a ɓoye, in uwa da uba duk suna ɗauke da shi to a ƙiyasi ɗaya cikin huɗu zai fito ja, abin da ya sami manomin can kenan. Kai har akwai Angus ja mai ƙungiyarsa daban tun 1954, jini ɗaya da baƙin, nama iri ɗaya.

Saboda haka in Ba'amurke ya ce min yana duba launi ba na ganin wautarsa, akwai mai biyansa a kai. Tambayar da na yi wa ƙanena ita ce, kai wa zai biya ka?

Mu tuna yadda mahauci ke sayen sa a kara a gida. Ina yaro na sha bin kawuna kasuwar Giwa, kuma har yau ina ganin hannun mahaucin nan a idona, ya dafa tozo ya girgiza, ya bi haƙarƙari da tafin hannu, ya tsunkuli gindin wutsiya, ya koma baya ya leƙa cinyoyi, ya ɗan yi shiru yana lissafin tsoka da kayan ciki da kai da ƙafa da fata, sannan ya taya. Ban taɓa jin ya ƙara ko sisi don sa baƙi ne ko ja ba. Mai tsire a Tudun Wada ko Kwangila bai san ma launin abin da yake gasawa ba. Inda na san launi na kawo kuɗi a wajenmu shi ne lokacin layya, farin rago mai ƙaho kam ko makaho ya san ya fi tsada, to wannan ma da dalilinsa na sunna da na burgewa, kuma ciniki ne na mako biyu a shekara.

Sai maganar rana, wadda ita ce ta fi damuna. A watan Yunin 2022 ina nan aka yi wani zafi a kudu maso yammacin Kansas, ga gumi ga iska ta tsaya cak, dare bai huce ba, cikin 'yan kwanaki shanu aƙalla 2,000 suka mutu a wuraren turka. Duk mai kiwo a nan ya san in zafi ya tashi manyan baƙaƙen nan masu ƙiba su ake fara gani suna haki da harshe a waje, sun yi cincirindo a bakin kwamin ruwa. Baƙin gashi na zuƙar rana, ba sai an je jami'a ba, sa baƙar shadda ka taka daga Ƙofar Doka zuwa PZ a watan Afrilu ka ba ni labari. Yanzu ka ɗauki wannan dabbar ka kai ta inda ma'aunin zafi ke dosar 40 a bazara, ba inuwar kwano ba fanka, ta yi yawon kiwo wuni guda, ga kaska, ga kirci da damina, ga sammore in an yi kudu kaɗan.

Shi kuwa Bunaji dube shi da kyau. Gashi fari gajere mai mayar da rana, amma fatar ƙarƙashi baƙa ce, kunne, hanci, gefen ido, kofato duk da baƙi, ga leɓe yana reto yana shan iska. Turawan nan da ke kiwon Hereford mai farar fuska suna fama da ciwon dajin ido saboda fatar gefen idon ba ta da duhu, har sukan nemi bijimi mai duhun ido takanas, mu kuwa Allah ya ba mu namu da kwallinsa a shafe. A nan kam na yarda launi na da aiki.

Amma kar in cika baki, don da na faɗa wa Baffa haka a waya sai ya katse ni. Ya ce "Ɗana, to Rahaji fa? Ja ne har ya yi duhu, kuma can arewa inda rana ta fi ta Zazzau yake." Na yi shiru, don gaskiyarsa. Wadara na Barno ma haka, masu duhu ne. A nan Amurka ma akwai Brangus, Angus da aka surka da jinin Brahman mai tozo, baƙi ƙirin amma yana zaune lafiya a Teksas. Kenan ba launin kaɗai ba ne, akwai gajartar gashi da yadda jiki ke fitar da zufa da sabon da iri ya yi da ƙasa tun kaka da kakanni. In launin alama ce ta jinin da ya saba da wurin, a duba shi. Daga nan kuma ya gama aikinsa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mun kwaso abin da ya fi sauƙin gani a bidiyo mun bar na gasken. Manomin Amurka da ke son baƙi, kafin ya biya kuɗin bijimi sai an ba shi takarda, nawa ya yi nauyi ranar haihuwa, nawa ranar yaye, 'ya'yan ubansa suna fitowa salin-alin ko sai an ja su, likita ya auna 'yan marainansa da tef ya duba ruwansa a madubin likita ya sa hannu. Launi a wajensa kamar zaɓen fentin mota ne bayan makanike ya gama duba inji. Mu kuwa, kuma har ni a ciki, da ido muke saye, ƙaho ya yi ƙwari, tozo ya miƙe, fari tas, shi kenan an yi albarka, a kai shi garke ba a san ko yana ɗauke da bakkale da zai sa shanu su yi ta ɓari ba. Alhali ga NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi, can a Shika, ƙanena kullum sai ya wuce ƙofarsu, ga asibitin dabbobi na ABU a Samaru, gwajin jini ba zai ci kuɗin cinya ɗaya ba. Su NAPRI ɗin sun daɗe suna haɗa Bunaji da Friesian, shanun madara na Turai, amma don nono ne, kuma duk wanda ya riƙe ruwa-biyun nan zai gaya maka sai da dusa da inuwa da magani a kai a kai, ba na sakewa a daji ba ne.

Baffa ma da bai da takarda yana da nasa lissafin a ka. Na ce masa in shi ne me zai duba, ya ce uwar. Tana haihuwa duk shekara? Tana da nonon da zai ishi maraƙi? In rani ya yi tsanani tana zubewa ko tana riƙe jiki? Sannan ƙafafun bijimin, don wanda baya ke masa ciwo ba ya hawa, sai hali, kar a kawo mai tunkuyi ya illata yaran da ke kora. Har ya gama bai ambaci launi ba sai da na tambaya, ya ce fari dai, don kar ya ɓata masa garke.

Mun rabu a kan za su je Anchau shi da Baffa su nemo Bunaji mai faɗin baya daga garken da aka san uwarsa, ko Bokoloji in ana son a ƙara jiki, a biya a ɗebi jini kafin a haɗa shi da sauran. Na ce ni zan biya kuɗin gwajin, zan kuma ba wani mai zuwa gida tef ɗin auna ƙirji don ƙiyasta nauyi ya kai masa ya riƙa rubuta na maruƙan duk wata. Ya ce to Yaya, an gama. Jiya da asubarmu ta nan na duba waya, sai ga hoton wani baƙin ruwa-biyu ɗaure a turke, wai a Kaduna ya gan shi, ƙarƙashi ya rubuta: "Wannan fa? Kalle shi dai kafin ka yi faɗa."