Ba Faransanci ne ya hana Montreal kofi ba

Shekara talatin da ɗoriya ke nan rabon ƙungiyar Montreal Canadiens da Kofin Stanley, babban kofin wasan hoki na ƙanƙara a Kanada da Amurka. A 1993 ta ɗauke shi karo na 24, bayan ta doke Los Angeles Kings. Har yau ba wadda ta kamo ƙafarta, Toronto da ke bi mata 13 gare ta. Amma tun daga nan shiru kake ji.

Wasu masu sharhi sun ɗora laifin a kan al'adar ƙungiyar ta cewa kocinta sai ya iya Faransanci. A ganinsu ta ɗaure kanta, ta bar ƙwararru suna wucewa. Sukan kafa hujja da Disambar 2011, lokacin da aka naɗa Randy Cunneyworth kocin riƙon ƙwarya alhali ba ya jin harshen, magoya baya suka yi zanga-zanga, har shugabanni suka ba da haƙuri. Ni ban yarda da wannan zargi ba.

Tun asali a 1909 don masu jin Faransanci aka kafa ƙungiyar, a birnin da dukiya da manyan muƙamai ke hannun masu Ingilishi. Talakan Quebec, lardin Kanada na masu Faransanci da Montreal ke cikinsa, ya ga kansa a jikin ɗan wasan ƙungiyar Maurice Richard, wanda ya fara cin ƙwallo 50 a wasa 50 a kakar 1944 zuwa 1945. Da shugaban NHL, gasar da ake neman Kofin Stanley a cikinta, Clarence Campbell, ya dakatar da shi har ƙarshen kaka a Maris ɗin 1955 saboda ya naushi alƙalin layi, sai gari ya kama da wuta. Richard ya yi laifi, ba musu. Amma waɗanda suka fito titi ranar 17 ga watan ba hukuncin kaɗai ya fito da su ba, wulaƙancin shekara da shekaru ne ya taso musu. Daga 1956 zuwa 1960 ƙungiyar ta ci kofi biyar a jere. Mutanen da suka sha wannan gwagwarmaya, ta yaya za a ce kada su nemi kocin da zai yi musu bayani da harshensu?

Abin da ya sauya shi ne gasar kanta. Daga 1942 zuwa 1967 ƙungiyoyi shida ne kacal, yau 32 ne. A da Montreal kan yi renon yara a ƙananan ƙungiyoyin da take ɗaukar nauyi. Yanzu zaɓen matasan 'yan wasa bi da bi ake yi, na ƙasan teburi su suka fi samun damar farko. Tun 2005 kuma aka ƙayyade kuɗin albashi, don haka babu mai iya tara taurari irin na kakar 1976 zuwa 1977, da aka doke Montreal sau takwas kawai a wasa 80.

Akwai kuma kuskuren shugabanci, kuma wannan shi ya fi ci mini rai. A 1995 aka kori Jacques Demers, kocin da ya ciwo kofin 1993, aka kawo Mario Tremblay wanda bai taɓa horarwa ba. A Disamba Tremblay ya bar mai tsaron gida Patrick Roy a raga har aka zura masa ƙwallo tara a wasa da Detroit. Roy ya ce ya gama da Montreal, aka miƙa shi Colorado, ya ci kofi a wannan kakar da ya koma can. Dukansu uku 'yan Quebec ne, Faransanci suka sha a nono.

Masu horarwa da ke jin harshen kuwa ba su yi ƙaranci ba. Jacques Lemaire ya ci kofi da New Jersey a 1995. Claude Julien, wanda Montreal ta sallama a 2006, shi ya ɗaga shi a 2011 da Boston, tsohuwar abokiyar gabarta.