Ranar da Na Shigo Gida da Mata Biyu

Alkawari ne ya ja mini. A farkon shekarar lakwal na ce wa autata in ta zo ta ɗaya a aji zan saya mata zomo, kuma na faɗa da ƙarfin gwiwa, don tun da aka sa ta lakwal ba ta taɓa shiga cikin goman farko ba. Ashe yarinya ta ƙulla abin a ranta. Ƙarshen Fabrairu sai ga ta da takardar sakamako, ta ajiye mini bisa gwiwa, ba ta ce uffan ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na shiga kasuwa wajen masu kaji da tantabaru. Kuɗin zomo ya fi ƙarfin aljihun mushe, wato malamin lakwal irina, a ƙarshen wata. Ina shirin juyawa wani mutum da ke tsugune gaban kwali ya yafuto ni. Na leƙa, sai na ga wasu abubuwa biyu kamar dankali ya yi gashi, ba wuya, ba wutsiya, sai idanu ƙuru-ƙuru.

"Mushe, wanga ya hi zomo," in ji shi. (Allin da ke hannun rigata ne ya tona ni.) "Ɓeran Masar ke nan. Ba shi cizo, ba shi ginar rami, ba shi cin komi sai haki."

Na ce guda nake so. Ya ce guda ba ya zama, kaɗaici ke kashe shi. Na ɗauka dabarar ƴan kasuwa ce, sai daga baya na gano a nan kam gaskiya ya faɗa, don a Suwizalan tun 2008 doka ta hana a ajiye wannan dabba ita kaɗai. Sharaɗina ɗaya ne: ba na son haihuwa. Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ya juya cikinsu sama, ya hura gashin, ya yi shiru irin na masana. "Duka mata na. In ka ga namiji cikinsu, ka dawo in ba ka kuɗɗinka har da na kabu-kabu."

Na biya jika uku. A bakin titi na kira uwargida na ce, "Ki share wuri, ga ni tafe da mata biyu." Daidai nan kuɗin salulata suka ƙare.

Ba zan ba da labarin abin da na tarar a ƙofar gida ba. Muciya dai tana hannunta, kuma ba tuwo take tuƙawa ba.

Da ƙura ta lafa sai Inna ta fito, ta leƙa kwalin. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana. "Kai wannan, shekara nawa muna ɗana tarko a gidan ga? Yau kuma da kuɗinka ka sayo ɓera?" Ina cikin lallashi sai babban ɗana, wanda ya shiga kwaleji bana yake ganin ya gama boko, ya buɗe baki ya ce ai da Faransanci sunansa aladen Indiya, Ingilishi kuma suna ce masa aladen Gini. Inna ta janye butarta da tabarmarta zuwa ɗaya kusurwar gida. Daren nan na yi darasin da ba wanda zai biya ni: ba alade ba ne, ba shi da dangantaka da alade, bai san Indiya ba, bai san Gini ba, Masar ɗin ma bai taɓa ganinta ba. Asalinsa tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya da Ekwado, inda aka yi dubban shekaru ana kiwonsa ana ci, sai a ƙarni na 16 fatake suka kai shi Turai. Inna ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Baƙon da ke da gari uku kuma duk na ƙarya ne, ba a ba shi masauki."

Masauki kuwa na ba su, har na wuce gona da iri. Na sa mai walda ya ƙera keji mai ƙafafu, sama raga, ƙasa raga, don kashi ya riƙa zubowa da kansa. Jika shida, ninki biyu na kuɗin masu ɗakin. Auta ta raɗa musu suna, farar Gimbiya, mai ja-ja-ja Ƙwalisa. Kwana takwas sai na ga suna takawa kamar masu tafiya kan garwashi, tafin ƙafarsu ya yi jawur. Na tuna akwai ragowar amokisilin a ɗaki, har na fasa ƙwaya guda cikin ruwa, sai Allah ya sa na fara kiran wani abokina da ke aikin likitan dabbobi. Ihun da ya yi sai da na ɗaga salula daga kunnena. Ashe magungunan dangin fenisilin kashe wannan dabba suke yi, suna share ƙwayoyin da ke narka mata abinci a hanji. Ya ce in zubar, in kuma fitar da su daga kejin nan take. Tafinsu tsirara yake, yatsu huɗu a gaba, uku a baya, waya yanka shi take yi. Abin da suke so ƙasa shimfiɗaɗɗiya, fili kamar mita ɗaya a kan mita ɗaya, da wurin ɓuya. Tunda ba su iya hawa ba, bulo layi biyu ya ishe su katanga. Haka na yi a gindin bango, na shimfiɗa busasshiyar ciyawa, na kifa musu fasasshiyar tukunya, na rufe sama da raga saboda kyanwar maƙwabta da shirwa. Kejin jika shida yanzu albasar uwargida ke ciki, kuma ta ce ba ta taɓa samun ma'ajin albasa irinsa ba.

Sai batun "ba shi cin komi sai haki". Ciyawa kam suna ci, dare da rana, don haƙoransu ashirin ne kuma ba su daina tsiro, in ba su tauna ba sai su yi tsawon da zai hana su cin abinci. Amma abokina ya ƙara da cewa jikinsu, kamar namu, ba ya haɗa bitamin C da kansa, dole kullum a ba su ɗanyen abu mai shi. Albasa da tafarnuwa kuma ko kusa. Ni da nake ja-in-ja kan dala biyar ta cefane, sai ga ni gaban masu kayan lambu ina zaɓen tattasai ɗaya-ɗaya, ina tambaya ko gwaiba ta shigo. Uwargida ta dube ni ina yanka musu karoti siriri-siriri, ta ce, "Malam, shekara goma sha bakwai ina gidan nan, ba ka taɓa tambayata ko na samu bitamin ba."

Ba su tsaya a tattasai ba. Wani yammaci Auta ta fito da su shan iska, ni kuma na bar takardun jarrabawar ɗalibaina a tabarma na je alwala. Na dawo na tarar Gimbiya ta cinye rabin amsar wani yaro, daidai wurin da ya yi ɓarna. Dole na ba shi 12 bisa 20. Tun da yake bai taɓa ganin irinta ba, har ubansa ya aiko mini da godiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne fito. Sun gane cewa ƙarar leda na nufin abinci. Da an taɓa leda ko'ina a gidan sai su ɗaga hanci sama su kama wani irin fito, wik-wik-wik, kamar ƴan sanda biyu a mararraba. Ni kuma ina da wata tsohuwar al'ada: wani dare nakan shigo da ɗan tsirena cikin aljihu bayan yara sun yi barci. Shekaru ina yi ba wanda ya sani. Yanzu ina sa ƙafa a zaure, leda ta ce ƙaras, sai gida duka ya tashi.

Afrilu ya zo da zafinsa na Maradi, wanda ke haura digiri 40 ba kunya. Su kuwa ƴan tsauni ne, daɗinsu tsakanin 18 da 24, ba su yin zufa, in aka kai 30 sun shiga haɗari. Wata azahar, kuran ya ɗauke, na tarar da su sun miƙe a ƙasa kamar an shanya safa, numfashi sama-sama. Na ruga na sayo ƙanƙara, na naɗe a tsumma na jera musu, na tsuguna ina yi musu fifita da maficin Inna. A haka maƙwabcina ya leƙo aron tsani, ya dube ni, ya dubi abin da nake wa fifita, ya ce, "Sannu da jinya, Mushe," ya fita bai ɗauki tsanin ba.

Washegari na dawo daga lakwal ba su ba alamarsu. Auta na kuka, yayanta na zargin kyanwa, ni ina leƙa ƙarƙashin gado da tocila. Can na ji wik-wik daga rumfar Inna. Ga su nan kwance a gindin randarta, bisa jiƙaƙƙen yashin da ya fi ko'ina sanyi a gidan, an kewaye su da tsofaffin kwanoni, gabansu ganyen salati. Inna tana jan tasbaha, ba ta ɗago ba. "Ba don su na yi ba," in ji ta. "Kada su mutu ne su cika mini gida da wari."

A gindin randar nan Ƙwalisa ta soma ƙiba. Ta yi faɗi har ta koma kamar faifai, ni kuwa ina ta yi wa uwargida gori cewa aikin tattasai ne. Wata asuba a farkon Mayu Auta ta tashe ni: "Baba, sun yi baƙi." Na je na ƙirga. Biyar. Ƙananan uku da gashinsu, idanu a buɗe, haƙora a baki, suna zagaya randa da gudu, ɗaya har yana jan ciyawa. Ba su yi kama da abin da aka haifa cikin dare ba, shi ya sa na fara tambayar yara ko wani ya kawo. Sai na ɗauki alli. Cikin wannan dabba kwana 59 zuwa 72 ne. Na ƙirga baya a jikin bango, na faɗa daidai makon da na biya jika uku. Na ɗaga Gimbiya na dube ta da kyau, ita ma ta dube ni. Auta ta ce to a mai da ita Yarima.

Mai kwali ban sake ganinsa ba. Bayan kwana uku na kira abokina ina ba shi labari da dariya, sai na ji shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka raba su tun ranar?" Na ce yau dai nake shirin yi. Ya ce macen tana iya ɗaukar wani cikin sa'o'i kaɗan bayan ta haihu, kuma ƴaƴa maza a fitar da su daga wajen mata da sun kai mako uku. Na tsaga gida biyu da bulo, na raba maza da mata gwargwadon ganina. A Yuli Ƙwalisa ta ƙaro huɗu. A Agusta aka samu haihuwa a ɓangaren maza.

Shekara ashirin ina koyar da lissafi, ban taɓa ganin jadawalin sau yana tafiya da ƙafafunsa yana cin tattasai ba sai bana. Inna ta ware uku ta ce nata ne, ba mai taɓawa. Sauran, Juma'ar da ta wuce na zuba shida a kwali na tsuguna kusa da masu tantabaru, na ja hula har gira don kada ɗalibaina su gane ni. Ba a jima ba wani bawan Allah ya tsaya, da ɗan yaro riƙe da rigarsa, ya ce zomo suke nema amma ya yi tsada. Ya leƙa kwalin, ya nuna biyu, ya ce shi fa ba ya son haihuwa, ko duka mata ne?

Na ɗauke su, na juya cikinsu sama, na hura.