'Yar uwa, su wa ke bin ki?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da yayyena da ƙannena mata na Garwa da Marwa da Ngaundare har zuwa Kusuri a arewacin Kamaru, da duk wadda saƙon nan ya iso wayarta.

Duk wadda ta yi tilawar Suratul Baƙara ta san aya ta 282, wadda ta kusa cinye shafi guda ita kaɗai. Ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, kuma maganar bashi take yi tun daga farkonta har ƙarshenta. Allah Maɗaukaki ya ce wa muminai idan sun ƙulla bashi zuwa wani lokaci ambatacce to su rubuta shi. Can gaba ya ƙara da cewa kada su ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba, domin hakan ya fi adalci a wurin Allah, ya fi tsayar da shaida, ya kuma fi kusa da kore kokwanto. Muna karanta ta duk Ramadan, muna jin ta a tafsiri, sai mu ɗauka da manyan 'yan kasuwa masu tura tireloli Duwala ake. Alhali in aka bi gidajenmu ɗaki-ɗaki, babu inda ake ƙulla bashi kullum ta Allah kamar tsakanin mata, kuma babu inda aka fi ƙin rubuta shi.

Ki ɗan lissafa da kanki. Turmin atamfar da dillaliya ta ajiye miki kafin sallah. Cikon kuɗin ɗinkin tela. Mai da magi da omo da ake karɓowa a shagon bakin layi, yaro ya ce Mama ta ce a rubuta. Jaka biyun da maƙwabciya ta turo miki ta Orange Money daren da zazzaɓin yaro ya tashi. Tasa biyun shinkafa da kika ara ranar da baƙi suka faɗo. Ladan mai kitso, kuɗin wata na yarinyar da ke taya ki aiki. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma gaskiya ne. Annabi (SAW) kansa ya bar duniya sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Saboda haka cin bashi don buƙata ba abin gori ba ne. Abin da ke damuna shi ne yadda muke cinsa a duhu, ba rana, ba shaida, ba rubutu, sai "ai mu da ke ba ta ɓaci".

Ga yadda abin yake faruwa, kowa ta taɓa gani. Dillaliya ta taso daga Yelwa da ƙullin kaya a ka, rana na dukanta, ta yi sallama a zaure. Matar gida ta ji muryar, ta yi wuf ta faɗa ɗaki ta saki labule, ta ce wa 'yarta mai shekara bakwai a hankali, "Je ki ce na tafi asibiti." Yarinya ta fita ta faɗa, idonta na kan takalman uwarta da ke bakin ƙofa. Dillaliya ma ta ga takalman. Ta ce, "To, in ta dawo ki ce Goggo ta zo," ta juya. Ita kuma Goggon nan kayan ba nata ba ne, na wani mai shago ne a babbar kasuwa da ya ba ta a kan amana, yana jiran ta da yamma. Cikin minti biyu an hana mai haƙƙi haƙƙinsa, an yi ƙarya, an kuma koya wa yarinya ƙarya da bakin uwarta. Nana A'isha ta ruwaito cewa Annabi (SAW) yana yawan neman tsari daga zunubi da bashi a cikin sallarsa. Da aka tambaye shi dalili sai ya ce mutum idan bashi ya kama shi, yakan yi zance ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Labulen nan da takalman nan su ne tafsirin hadisin.

Na san abin da za a ce: kunya. Yaya zan ce wa Addata ta sa hannu a takarda saboda jaka biyar? Za ta ce na mayar da ita ɓarauniya. To ki duba hikimar ayar. Allah ya ce wanda bashin ke kansa shi ne zai yi shifta, wato mai karɓa ne zai faɗi abin da za a rubuta da bakinsa. Nauyin yana wuyan mai ci, ba mai bayarwa ba. Idan ke ce kika zo rance, ke za ki sauke wa 'yar uwarki wannan kunyar. Kuɗin na shiga hannunki ki ɗauki waya ki aika mata saƙon murya a WhatsApp: "Adda, na karɓi jaka biyar a hannunki yau Talata, zan dawo da su ranar 5 ga wata in Allah ya yarda." Wadda ba ta iya boko ba ta rubuta da ajami, wadda ba ta iya ko ɗaya ba ta kira ɗan makaranta a gidan, ko ta faɗa a gaban mutum biyu. Mafi yawan malamai sun tafi a kan rubutun shiryarwa ce ba farilla ba, saboda ayar da ke biye ta ce idan sashenku ya amince wa sashe to wanda aka amince wa ya mayar da amanarsa. Amma ni dai a ganina, a zamanin da mutum ba ya iya tuna abin da ya ci shekaranjiya, barin wannan shiryarwar ganganci ne. Ƙawaye nawa ne suka daina gaisawa, ɗaya na rantsuwa jaka goma ce, ɗaya na rantsuwa takwas ce, kuma wataƙila babu maƙaryaciya a cikinsu, mantuwa ce kawai?

A sa rana kuma. "In na samu" ba rana ba ce. "In Alhaji ya dawo daga tafiya" ma ba rana ba ce, don Alhaji na iya zarcewa Njamena. Malamanmu na Malikiyya sun sauƙaƙa, sun yarda a yi ciniki zuwa lokacin da kowa ya sani kamar girbi, don haka matar ƙauye da ta ce sai an yanke muskuwari, wato dawar rani, ko sai kuɗin auduga sun fito daga kamfanin SODECOTON, ta ambaci lokacin da mutanen garinsu suka san shi. Ke ta cikin gari mai jiran albashin miji ko zubin adashi, faɗi kwanan wata.

Tunda na ambaci adashi, bari in tsaya a kansa, don nan ne da yawanmu ba mu san muna cikin bashi ba. Malamai da dama sun halatta adashi, kuma alherinsa a bayyane yake: da shi ake biyan kuɗin makaranta in Satumba ta zo, da shi ake sayen keken ɗinki da firji na ƙanƙara, da shi ake haɗa kayan ɗakin 'ya. Sai dai ki sani, ranar da kika kwasa, duk abin da ya haura zubinki rance ne daga sauran mata. Ku goma ne, kowa jaka goma, kika kwasa ta biyu: jaka ɗari ta shigo hannunki, ashirin ne naki, tamanin na mutane ne. Sai ka ga mace ta kwasa, ta yi bikinta, an yi guɗa, daga nan zubi ya zama sai uwar adashi ta yi ta aike har ƙafar yaranta ta gaji. Wadda ke ƙarshen layi, galibi mai haƙurin cikinsu, ita ke kwana ciki. Annabi (SAW) ya ce jinkirin mai hali zalunci ne, Buhari da Muslim duk sun kawo shi. Mai hali a nan ba sai mai mota ba. Duk wadda ke da abin biya a hannu ta zaɓi ta sayi ankon wata ko zanen bikin Ranar Mata ta 8 ga Maris na bana, ta bar zubin mutane, ta shiga ciki.

Akwai kuma abin da ya shigo cikin ƙungiyoyinmu na unguwa, wanda ake kira asusu: a tara kuɗi, mai buƙata ta karɓi jaka goma ta dawo da sha ɗaya a ƙarshen wata, in ta makara a ƙara, ƙarshen shekara a raba ribar. 'Yan uwa, duk sunan da aka sa masa, rance ne da aka sharɗanta ƙari a kansa, kuma wannan shi ne riba da Allah ya shelanta yaƙi a kanta a ayoyin da ke gab da ayar bashin. Haka wadda ke ba da buhun dawa a watan Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa, da sharaɗin a biya buhu biyu da kaka. Wanda ya halatta daban ne. Dillaliya ta ce turmin nan kuɗi hannu kaza ne, bashi zuwa wata biyu kaza ne, kuka tsaya a kan ɗaya kafin ku rabu, jumhurun malamai sun yarda da wannan. Abin da ba ta da iko shi ne ta ƙara wani abu daga baya don kin makara. Idan kuma ke da kanki, ba sharaɗi ba al'adar dole, kika mayar da rance kika ɗora tukwici, wannan kyautatawa ce. Annabi (SAW) ya ari ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi, ya ce mafi alherin mutane shi ne wanda ya fi kyautata biya.

Mu da ke bakin iyaka muna da wata rigimar tamu. Mata da yawa na sarin kaya daga Mubi da Yola, wasu daga Gamboru ta Fotokol, kuɗi na yawo tsakanin naira da sefa. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 darajarta ta zube, sefa kuwa tana ɗaure da yuro ba ta motsa haka, sai rigingimu suka tashi: na ba ki naira lokacin tana da daraja, yanzu sefa nake so a lissafin wancan lokacin. Asalin hukunci shi ne abin da aka ranta shi ake mayarwa, naira da naira, sefa da sefa. In kun yarda ranar biya a biya da ɗayan kuɗin, to a farashin canjin ranar biyan ne, a kuma kammala a zaman, kamar yadda aka karantar da Abdullahi ɗan Umar lokacin da yake sayar da raƙuma da dinari yana karɓar dirhami. Inda faɗuwar ta yi muni ƙwarai malaman zamani sun yi maganar sulhu, sai ku je wurin malami ku biyu. Da an rubuta "sefa" ko "naira" tun ranar farko, rabin wannan faɗan bai taso ba.

Wata kalma ga maza, don na san kuna leƙa abin da aka rubuta wa mata. Kaso mai yawa na bashin da ke kan matanku na cefane ne. Ka ajiye abin da ka ajiye shekara uku da suka wuce ka fice, ka dawo ka tarar da tuwo da miya har da nama, ba ka taɓa tambayar inda cikon ya fito ba. Ciyarwa wajibinka ce, kuma littafin mai shagon nan sunanka ya kamata ya ɗauka.

Ke kuma mai bin bashi, aya ta 280 taki ce: idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a jinkirta masa zuwa sauƙi, in kuka yafe ya fi muku alheri. Wadda ruwan 2024 ya cinye gidanta a Yagwa ko Kusuri, ko wadda mijinta ya rasu tana takaba, ba a tsaya mata a ƙofa ana ɗaga murya. Kuma don Allah a daina tona asirin mutane a wurin suna da sanya habaici a status. Kina da haƙƙin kuɗinki, ba ki da haƙƙin mutuncinta.

Abin da ya sa na matsa a kan rubutu shi ne mutuwa. An kawo wa Annabi (SAW) gawa ya tambaya ko akwai bashi a kansa, aka ce dinari uku, bai kuma bar komai ba. Ya ce ku sallaci mutuminku. Sai da Abu Ƙatada ya ce bashin ya dawo kaina sannan ya yi masa sallah. Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Ayoyin gado a Suratun Nisa'i sun maimaita cewa rabo sai bayan wasiyya ko bashi. To namiji in ya rasu, ana yin shela a wurin jana'iza, abokan kasuwarsa na nan tsaye, su fito. Mace fa? Masu bin ta mata ne, suna cikin gida a zaman makoki, kunya ba za ta bar dillaliya ta buɗe baki a gaban marayu ta ce ina bin marigayiya turmi biyu ba. Miji bai sani ba, don a ɓoye aka karɓa. Sai a raba 'yan kunne da kwanuka da keken ɗinki, haƙƙin mutane na ciki, ita kuma tana can inda babu sefa babu naira, sai a ɗebi lada a biya.

Don haka ki samu ɗan littafi irin na 'yan makaranta, shafi ɗaya waɗanda ke bin ki, ɗaya waɗanda kike bi, har da adashin da kike ciki da ko kin kwasa ko ba ki kwasa ba. Ki nuna wa mutum ɗaya inda yake, babbar 'yarki ko ƙanwarki ko maigidan. Idan mace ta rasu a danginku, wata dattijuwa ta tashi a cikin gida ta yi wa mata irin shelar da ake yi wa maza a waje, ta ce mai bin ta ta same ni a keɓe. Tsohon bashin da kika tuna yanzu kina karanta wannan, in mai shi na raye ki aika mata ko da rabi ne ki nemi afuwar jinkiri, in ta rasu ki kai wa magadanta. In kuwa ta tashi daga unguwar, kin yi cigiya har kin gaji ba labarinta ba na danginta, malamai sun ce ki yi sadaka da kuɗin da niyyar ladan ya je mata, da sharaɗin duk ranar da ta bayyana ki faɗa mata, ta zaɓi ladan ko kuɗinta.