Alat na isa ƙauye, amma bashin taki har yanzu a Mile 12 ake neman sa

Duk wanda ya taɓa sammakon shiga kasuwar Mile 12 ta Legas lokacin da kayan gwari ke sauka ya san yadda wurin yake. Tireloli sun kwana a hanya daga Kura da Kadawa da Ɗanja, 'yan dako na ta sauke kwanduna, ƙasa duk ta jiƙe da ruwan tumatirin da ya fashe, ga dillali can gefe waya a kunne yana ɗaga murya, "Malam duba wayarka, alat ya shigo?" Kafin azahar kuɗin kaya sun isa ƙauyen da aka nomo su. A da kuwa sai a ƙunshe kuɗi a ba direba, a bi shi da addu'a har ya isa. Wannan ci gaba ne kuma ina murna da shi.

Amma akwai wata wayar da ake bugowa nan Legas wadda ba a cika maganarta ba. Ita ana yin ta ne in damina ta ɗauke, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ana shirin noman rani. Manomi ne ke kiran dillalinsa, bayan doguwar gaisuwa sai ya sassauta murya, "Alhaji a taimaka min da na taki da na mai, in kaya sun nuna sai a cire." Alhaji zai tura, babu takarda babu komai, amma kowa ya san sharaɗin, kayan gonar nan hannun Alhaji za su zo, kuma ranar ciniki wanda ake bi bashi ba shi da bakin jayayya a kan farashi. A ƙauye ma haka 'yan ba da kaka ke yi, a ba ka kuɗi lokacin da ka fi matsuwa, a karɓi buhu lokacin da ya fi araha. Ni ban ga laifin dillalan nan ba fa, da yawansu na sani, muna sallah a sahu ɗaya a Agege, kuma in gona ta lalace kuɗinsu ne ke nutsewa. Abin da ke damuna shi ne, a ƙasar da ke da bankuna birjik, har yau su ne bankin ƙaramin manomi.

Baffana ya taɓa gwada ƙofar banki. Gonarsa ta gado ce, kakanmu ya noma ta, duk garin an san iyakarta. Ya sa babbar rigarsa ya hau mashin zuwa cikin gari, aka ce ya kawo takardar mallakar fili ta gwamnati, ya kawo ma'aikacin gwamnati da zai tsaya masa, ya kawo bayanin shige da ficen akawun ɗinsa, sannan biya zai fara tun wata na farko. Da dare ya kira ni, ya ce "ɗana, tumatirin da ko dashe ban yi ba, da me zan biya su a wata na farko?" Ban samu amsar ba shi ba. Washegari ya kira dillali.

Nan ne nake ganin ake yin kuskure in ana maganar shigar da manoma harkar banki. Sai a ƙirga akawun nawa aka buɗe, POS nawa suka shiga ƙauye, mutum nawa suka yi BVN. Ko a wannan lissafin ma muna baya, binciken da EFInA, ƙungiyar da ke nazarin shigar jama'a harkar kuɗi, ta yi a 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na baligan 'yan Najeriya ba su cikin kowace irin harkar kuɗi, a Arewa maso Yamma kuwa kusan rabi ne. To amma ko wanda ya buɗe ɗin, me akawun ke yi masa? Kuɗi su shigo da safe, da yamma ya je wajen mai POS a yanki caji ya kwashe. Kuma wanda ya ga abin da ya faru farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, yadda aka rinƙa karyar da kaya saboda babu tsaba ga sabis na ta yankewa, ba zai yi mamakin ƙin barin kuɗi a banki ba.

Gwamnatoci sun gwada, ba za a ce ba su gwada ba. Tun 1977 akwai asusun da ke tsaya wa manomi har kashi 75 cikin 100 na bashin in ya kasa biya, ga Bankin Manoma da hedikwatarsa ke Kaduna, ga NIRSAL, kamfanin Babban Banki mai rage wa bankuna haɗarin ba manoma bashi. Sai kuma babban cikinsu, shirin Anchor Borrowers da Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, wanda aka zuba wa sama da naira tiriliyan 1. Shinkafa ta ƙaru, gaskiya ne, amma kaso mai yawa na kuɗin bai dawo ba, kuma bayan Cardoso ya zama gwamnansa a 2023 Babban Banki ya ja baya daga irin waɗannan shirye-shirye.

Daga nan ne wasu suka samu abin faɗa, wai manomin arewa ba ya biyan bashi. Wannan magana tana min ciwo wallahi. Eh akwai waɗanda suka ɗauki kuɗin a matsayin rabonsu na gwamnati, wannan ba daidai ba ne, bashi hanji ne yana cikin kowa kuma dole a biya. Amma a tambaya mana, sau nawa taki ya iso bayan lokacin sa shi ya wuce, sunaye nawa aka rubuta na mutanen da ba su san inda gona take ba, kuma wa ya ɗauki asarar wanda ambaliyar 2022 ta shafe wa gona a Jigawa, ko wanda 'yan bindiga suka hana girbi a Zamfara? Shi wannan manomin da ake cewa ba ya biya, shekara da shekaru yana biyan dillalin Mile 12, yana zubin adashi ba fashi. Yana biya ne saboda kuɗin sun zo a kan lokaci, daga hannun wanda ya san shi, kuma yana so baɗi a sake ba shi.

Ga kuma batun kuɗin ruwa. A ƙarshen 2024 ma'aunin ruwan Babban Banki ya haura kashi 27, to nawa bankin kasuwanci zai ɗora wa mai kadada ɗaya? Bayan tsada ma, mutanenmu da yawa ko kyauta ka buɗe musu ƙofa ba za su shiga ba muddin akwai kuɗin ruwa a ciki, kuma suna da hujjarsu ta addini. Alhali mafita tana nan cikin fiƙihun da muka karanta a zaure. Akwai cinikin salam, a biya manomi kuɗi yanzu a kan awo sananne da lokaci sananne, ya dace da shinkafa da masara. Akwai murabaha, banki ya sayi taki ko injin ban ruwa ya sayar masa da ribar da aka yi yarjejeniya, ya biya da kaka. Bankin Musulunci na Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJ da Lotus sun biyo baya, amma rassansu galibi a manyan birane suke. Ina so in ga ma'aikacinsu a bakin fadama da takalmi duk laka.

Shawarata a fara daga inda kuɗin suke bi. Manomin da shekara 3 yana karɓar alat daga Mile 12 ai yana da tarihi a rubuce, OPay da Moniepoint da bankuna suna ganin sa, wannan ya fi takardar fili nuna ko zai iya biya. Shugabannin 'yan gwari sun san wa ke aiko da kaya, wa ke cika alkawari. A zauna da su, a ba da bashi rukuni-rukuni kowa ya tsaya wa ɗan'uwansa, kamar yadda kamfanin Babban Gona ke yi da manoman masara a Kaduna, a ba da iri da taki a kan kari, biya sai an girbe. A haɗa da inshora ko takaful, wato inshorar Musulunci, don wanda ya ga ɓarnar tsutsar tumatir ta sharon a 2016 ya san gona guda na iya ƙarewa cikin 'yan kwanaki.

Baffa dai bana ma zai yi noman rani in Allah ya kai mu, ya ce tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin fetur na injin ban ruwa ya fi komai cin sa. Rabin fadamar zai shuka, rabin zai ba da haya.