Wai tarkace ne

To madalla, an share shago an huta. Kaset-kaset ɗin da wani tsoho, marigayi, na unguwar Mabera a nan Sakkwato ya yi shekara da shekaru yana tarawa, tun kafin sadakar arba'in 'ya'yansa sun loda wa 'yan gwangwan a kura, wai tarkace ne. Sannunku da aiki, 'yan tsafta.

Tarkace? Kun san abin da ke cikin kwalayen nan kuwa? Fina-finan Indiya na soyayya da barkwanci ne, irin waɗanda ba su yi tashe a garin nan ba don babu bosho, babu dambe a saman jirgin ƙasa. Kowa a Sakkwato ya san Sholay na 1975. To a wannan shekarar dai Dharmendra da Amitabh suka fito a Chupke Chupke, inda Dharmendra, malamin jami'a guda, ya rikiɗe ya koma direba a gidan mijin yayar matarsa don kawai ya kunna shi. Mutum nawa suka san shi? Ga Padosan na 1968, saurayi bai iya waƙa ba, yana motsa baki a taga, Kishore Kumar na laɓe a baya yana rerawa, budurwa tana can tana narkewa. Wannan ne tarkace?

Kada wanda ya ce mini ai komai yana intanet. Je ka wurin masu tura fim a waya ka ambaci ɗaya daga cikinsu, ka ga kallon da yaron zai yi maka. Abin da aka fassara da Hausa kuma yake tashe, shi kaɗai gare su. Masu cewa kallon fim ɓata lokaci ne kuwa, na ji, sai ku ajiye wayar tukuna.

Wallahi abin ya taɓa ni. Da zafin Sakkwato da ke narka zaren kaset, bawan Allah nan ya naɗe kowanne a leda, ya rubuta sunansa da ajami a gefe, ya jera nesa da taga. Wanda ya yi wa abu wannan hidima, ba a kiran abinsa tarkace. Da sun yi cigiya, da mun saya da daraja.

Af, wai har yanzu akwai mai gyaran bidiyo a garin nan? Tawa cinye kaset take yi, wanda na sani kuma ya koma gyaran sola.